Kyamarar Saratu Ta Cika da Idonta a Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da har yau ya kasa ɗagowa, ni Mainasara, mai sayar da iri da taki a kasuwar Talata Mafara, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da Maradun rasuwar kyamarar maiɗakina Saratu, wadda matan gari suka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Asabar da ta wuce a Maradun, tana tsakiyar aiki, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ana faɗin wannan kalma ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum, don haka kada wani ya ce na yi wasa da ita.

Na so in rubuta cewa kwana ne ya ƙare, in tsaya nan kamar yadda ake yi a kowace sanarwa. Sai dai akwai wata magana da ke yawo a gidajen mata game da wannan rasuwa, kuma ba daidai take ba. Shi ya sa sanarwar za ta yi tsawo. A yi haƙuri da ni.

Marigayiya ta shigo gidanmu wajen shekara tara da suka wuce, a cikin tsarabar Makka ta yayan Saratu, Alhaji Abdulrahman. Ni a lokacin na ɗauke ta abin wasa. Kafin shekara ta zagayo, da wuya a yi suna ko walima a unguwarmu ba a aiko ana neman Saratu ba, daga baya kuma aike ya riƙa zuwa daga Faru da Janbako da Damri. Wani zai ce, a zamanin da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, ina amfanin kyamara? Ai wayar ce ma ta ƙara mata daraja. Gidajen malamai da na dattawa ba sa yarda a ɗaga waya a taron matansu, domin hoton da aka ɗauka da hantsi, kafin azahar ya isa Legas. Marigayiya kuwa ba ta da layi, ba ta da ƙawa a wani gari. Abin da ta gani, Saratu kan kai a wanke tana tsaye, ta miƙa wa mai shi hannu da hannu, ta goge sauran. Ba a taɓa jin sirrin wata ya fita ta bakinta ba.

Mai haƙuri ce. Ta sha zafin bazara a ɗakunan da aka cika da turaren wuta, ta sha kukan jarirai da turereniyar ƙawayen amarya, ba ta taɓa yin yaji ba. Maganarta kaɗan ce. In aka tashe ta sai ta ce tirit, ta miƙo idonta waje a hankali da ɗan gurnani kamar mai miƙa bayan barci. In ta ɗauka sai ta ce ƙyas. Iyakar abin da aka taɓa ji daga gare ta ke nan, kuma na sha ganin yaro yana tsala kuka ya yi tsit don ya ji ta sake faɗi.

Amma duk wanda ya san ta, ya san kyanta a fuskarta yake, wato ɗan gilashin nan na bayanta inda hoto ke fitowa da zarar an ɗauka. A nan sana'ar take. Mace ba ta yarda da hoto sai ta gani. Da an ji ƙyas sai a ji "mu gani, mu gani," kawuna su haɗu a kanta. Wannan ta ce ɗankwalinta ya karkace a sake, waccan ta ce an ɗauke ta tana magana. Saratu ta ba ni labarin wata tsohuwa a Janbako da ta daɗe tana kallon kanta a gilashin, sannan ta ce ita dai uwarta ta gani.

Saboda haka Saratu ta tsare wannan fuska fiye da yadda take tsare tata. Kullum da siririyar ledar kariya a kanta, wadda masu waya ke kira sikirin-gad, in ta tsufa a ɓare a manna sabuwa. Ta ɗinka mata jaka da guntun karan-miski, ta shimfiɗa auduga a ciki. Tsumman goge ta daban yake, daga wani tsohon zanen goyon 'yarmu Ikram aka yanko shi, ba a share komai da shi sai ita. Ba a kifa ta a kan tabarma. Ba a nuna hoto da farce, ba a taɓa ta da ɗanyen lalle. "A duba da ido," in ji Saratu, "ido ba ya karce abu." Babbar doka kuwa, ba a haɗa ta wuri ɗaya da mabuɗi ko kwabo ko ɗan kunne. Na ji waɗannan dokoki har ina iya karanto su ido rufe. Duk tsawon zamanta da mu, fuskar nan ba ta yi ko ƙwarzane ɗaya ba.

Ga yadda jinyar ta fara.

Ina da taubashi a Bakura, Bappa, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni da shi kowa yana da bijimin sa da yake turka. Nawa yana gidanmu na Damri a hannun ƙanena Isa. Tun kaka Bappa ke yawo yana cewa san nawa maraƙi ne da aka ara wa ƙaho. Wayata ƙarama ce mai madannai, in ta ɗauki sa sai ya koma bunsuru. Ranar Alhamis Saratu ta tafi barka a bayan kasuwa. Na shiga ɗakinta na zaro marigayiya daga jakarta. Jakar kuwa na bar ta rataye a ƙusarta, na cusa sandar sabulu a ciki don kada a ga ta lafe. Wanda ya tsaya neman sabulu daidai girman kyamara ba zai ce mantuwa ya yi ba.

A Damri aikin ya yi kyau. Isa ya wanke san, ya fito da shi fili, na zagaye shi ina ɗauka ta gaba da ta baya da ta gefe. Daga nan na biya Bakura, na iske Bappa da mutanen majalisarsa a gindin bishiya bayan azahar. Na miƙa masa. Ya karkata ta nan, ya karkata ta can. Akwai ɗan kumfan iska a ƙarƙashin ledar, kuma ya faɗo daidai kan tozon san.

"Wanga tozo ne ko kumburin leda?" in ji Bappa. "Ɓare ta mu gani, in kana da gaskiya."

Mutane suka yi dariya. Na sa farce na ɓare. Ledar ta faɗi ƙasa ta kwashi yashi, ban ko waiwaye ta ba.

Daga nan marigayiya ta shiga hannu. Ta bi ta hannun mai cin goro da na mai shan rake, ta bi ta hannun mai faci da ya taso daga kan taya. Wani dattijo mai dogon farce a ƙaramin yatsa ya auna san da shi tun daga ƙaho har wutsiya, ya sake aunawa don ya tabbata. Da ta dawo wurin Bappa ya ƙara dubawa, ya taɓe baki ya ce, "Ba laihi." Iyakar abin da na samu a wannan tafiya ke nan.

Na jefa ta a aljihun gefe, inda mabuɗan shago suke tare da 'yar sifanar babur, na kamo hanyar Mafara. Duk wanda ya san hanyar ya san ramukanta. Ina jin su suna ta kacau-kacau a cinyata, ban kawo komai a raina ba, ina ta tsara amsar da ya kamata in ba Bappa.

A zauren gida na fito da ita. Fuskar ta koma kamar inda kaji suka yi tono, ga wani dogon tabo ya ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk da haka tana gani, hoto yana fitowa ta cikin zanen. Da a nan na tsaya, na shiga na ce Saratu ga abin da na yi, da yau marigayiya tana raye da tabonta, ni kuma na sha faɗan da na cancanta an wuce wurin. Sai na ɓoye ta a cikin buhun irin alayyafo.

Ranar Juma'a na yi mata magani a shago. Bappa ya ce ta waya man goge haƙori yana cike karce. Na shafa na murza, fuskar ta yi fari kamar an watsa mata nono. Maƙwabcina mai sayar da buhuna ya ce toka mai laushi da ruwan lemun tsami. Na gwada, zanen ya ƙaru. Wani da ya zo sayen taki, wanda ban ma san sunansa ba, ya ce fetur yana narkar da saman gilashi ya dawo sumul. Bayan an sauko daga masallaci na tsotso kaɗan daga tankin babur, na jiƙa tsumma na goga. Launuka suka taso a fuskarta kamar bakan gizo, har na fara murna. Sai wani baƙin ɗigo ya ɓullo a gefe, ya yi ta yaɗuwa kamar tawada a kan takarda ina kallo, har ya cinye gilashin duka. Da yamma, Saratu tana madafa, na cire sabulun na mayar da marigayiya jakarta.

A nan dole in faɗi abin da ya sa wannan Asabar ta bambanta da sauran. Surukata, Inna Baturiya, mahaifiyar Saratu, ba ta samu karatu da ƙuruciya ba. Sai da ta aurar da 'yar autarta sannan ta ɗauki allo ta shiga Islamiyyar matan aure a Maradun, ta zauna layi ɗaya da sa'o'in jikokinta. Shekaru ta yi tana bi, da tabarau da ciwon gwiwa, har Allah Ya nufa ta sauke Alƙur'ani. Ranar Asabar ce walimar saukarsu, ita da wasu mata. Shugabar makarantar, Malama Bushra, ta hana shiga da waya. Saratu kaɗai aka yarje wa ta ɗauki hoto.

Ni na goya ta a babur zuwa Maradun. Jakar tana kan cinyarta, tana ta ba ni labarin inda za ta tsayar da Inna, kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, don zayyanar allon ta fito. Can ta ce, "Malam, ka yi shiru yau."

Na ce, "Hanya nika dubawa."

Ta shiga wurin mata, na zauna da maza a waje. Ba a jima ba aka ce ana kirana a zaure. Na iske ta tsaye da marigayiya a tafin hannunta.

"Malam, kyamarata warin hetur take yi."

Na ce, "Ni ne."

"Na san kai ne. Jakar ma ƙamshin sabulu take. Abin da nika tambaya, tun yaushe?"

"Tun Alhamis."

"Alhamis," ta maimaita a hankali. "Da ka hwaɗa mini Alhamis, da na nemi aro. Ko jiya ka hwaɗi, da na nema."

Ta danna, marigayiya ta ce tirit, ta miƙo idonta kamar kullum. Ta nuna ta ga bango ta sake dannawa. Ƙyas. Ta ce, ba da ni take ba, "Tana ɗauka. Gani ne ba ta yi." Ta gyara mayafinta ta koma ciki.

Irin marigayiya ba ta da ɗan ramin leƙawa na manyan kyamarori, gilashin shi kaɗai ne hanyar sanin abin da ake ɗauka. Saratu ta yi aikin ranar duka da ƙiyasi, tana auna tsayin mutum da idonta tana ɗaga hannu. Ina zaune a gindin katanga ina jin karatu yana tashi, mace bayan mace. Na gane muryar Inna, tana rawa amma ba ta yi tuntuɓe ba. Ina jin ƙyas, sai in ji "mu gani," sai in ji Saratu ta ce, "Yau sai an wanke." Wata ta tambaya me ya sami 'Yar Baƙa. Saratu ta ce, "Tsautsayi ne." An kawo mana shinkafa da lemo, na tura wa na kusa da ni.

Bayan an jera masu sauka an ɗauke su tare, Saratu ta danna don ta kashe kyamarar. Idon ya fara komawa ciki, ya tsaya a rabi. Marigayiya ta yi wani siririn kuka da ba mu taɓa ji daga gare ta ba, tiii, ta yi shiru. Saratu ta sa babban yatsa ta nemi rufe mata ido, ya ƙi. Haka ta cika.

Washegari na kai ta wurin Muttaka mai gyaran waya a bakin tasha. Ya buɗe ya duba, ya ce fetur ya ratsa har cikin ƙwaƙwalwarta, babu abin yi. Memorin dai, wato ɗan katin da hotuna ke ciki, ya tsira. Saratu ta kai aka wanke.

Wasu hotunan sun fito, Alhamdu lillahi, hannunta ya san aikinsa. Wasu sun karkace. Wata baiwar Allah daga Faru, wadda ɗanta ke aiki a Kudu yana jiran hoton saukar uwarsa, kafaɗarta kawai aka samu da faffaɗan bango. Hoton da aka yi tare ya yanke matan da ke gefen hagu. Na Inna Baturiya kuwa, wanda aka yi tafiyar dominsa, ya fara ne daga haɓa zuwa ƙasa: farin hijabi, allo mai zayyana, da hannuwa biyu riƙe da shi. Babu fuska. Hotunan da suka fito tas, babu karkata babu duhu, su ne na san nawa na Damri. Saratu ta sa an wanke ɗaya babba, ta ajiye mini a kan tabarma kusa da kwanon tuwo.

Mun koma Maradun da hotunan. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna, ita tana daga ciki bayan labule kamar yadda muka saba. Muka gaisa, ta tambayi kasuwa da mutanen Damri ɗaya bayan ɗaya. Saratu ta miƙa mata hoton. Na jira a durƙushe. Sannan na ji Inna ta ce, "Waɗanga hannuwana ne? Ashe haka sunka tsuhwa." Can ta ce, "Allon ya hito da kyau. Saratu, ki ce ma Malam ya tashi daga ƙasa, akwai sanyi." Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Na roƙi Malama Bushra ko za a sake tara matan a ɗauka da wata kyamarar. Ta ce za a iya tara su, amma sauka sau ɗaya ake yin ta.

Na ce wa Saratu zan kai san kasuwa ranar Talata a nemo wa marigayiya magajiya. Ta ce, "Mi san ya yi? Shi tsayawa kawai ya yi anka ɗauke shi." Duk da haka na aika wa Isa ya taho da shi.

Maganar da na ce tana yawo ita ce wai hannun Saratu ya fara rawa, wai ta yi sakaci da kayan aikinta har yara suka fasa. Na ji wani gida a Janbako da suka yi alkawari da ita sun aika neman wata. Ita kuwa har yau ba ta ambaci sunana ga kowa ba, ko ga yayanta da ya kawo tsarabar. To ga shi na rubuta. Babu yaron da ya taɓa marigayiya, kuma hannun Saratu lafiyarsa lau. Wanda ya ga hotunan da ta ɗauka ba tare da tana gani ba, zai shaida.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da batir da kishiyarsa ta ko-ta-kwana, da igiyar ratayawa, da jakar karan-miski wadda aka wanke amma ƙamshin sabulu bai bar ta ba. Ta bar memori, wanda yanzu ke zaune a cikin gwangwanin allurai. Ta bar Ikram, wadda tun daga ranar sunanta babu hotonta da wata ta ɗauka sai ita. Ta bar Saratu. Ta kuma bar sabon sikirin-gad ɗaya a cikin takardarsa, wanda aka saya don a manna mata kafin walima, aka ce a bari sai an isa Maradun don ya shiga taro yana sabo.

Game da jana'iza, liman ya ce babu wanka babu salla a kan ƙarfe da roba, kuma mun bi. Na ba da shawarar a haƙa mata rami a gindin zogalen bayan gida, Saratu ta ce ba za a sa mata ƙasa a fuska ba. Don haka ranar Litinin bayan la'asar, in Allah Ya kai mu, za a goge ta da tsummanta, a naɗe ta a jakarta, a ɗora ta a saman kabet ɗin ɗakin Saratu, bayan jeren kwanoni, inda hannu ba ya kaiwa sai an taka kujera.

Za a karɓi gaisuwa a gidanmu da ke bayan kasuwa daga wannan rana har zuwa Laraba. Mata su wuce ciki wurin mai rashi. Maza akwai tabarma a ƙofar gida. Bappa ya aiko yana neman izinin zuwa, an ba shi, da sharaɗin ya zo hannu sake kuma baki rufe. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo shawarar abin da ya kamata a shafa mata.

Allah Ya ba Saratu haƙuri, Ya mayar mata da mafi alheri, Ya sa albarka a karatun Inna da na sauran matan. Matan da za su shiga ciki, don Allah kada a dame ta da tambayar yadda aka yi. Duk mai son sani ta tsaya a zaure ta aiko. Ina zaune a bakin ƙofa, kuma zan amsa wa kowa.